Bayan Rasa Hannu, Yaya Mutum Ke Komawa Dogaro Da Kansa?

Manyan gobe, kafin ku ci gaba da karanta wannan shafi, ku ɗan lissafa ayyukan da hannuwanku suka yi muku daga asubahin yau zuwa yanzu. Ɗaukar buta, alwala, ɗaure zariya, saka maɓallin riga, kai cokali baki, gaisawa da abokai, buɗe jaka, riƙe biro. Duk kun yi su ba tare da kun tsaya kun yi tunani ba.

A garin Gulma da ke Ƙaramar Hukumar Argungu a Jihar Kebbi, da sauran garuruwan da ke bakin fadamar gulbin Rima har zuwa Birnin Kebbi, lissafin ya fi haka tsawo, domin abincin gida da ƙarfin hannu ake nemo shi. Da hannu ake dashen shinkafa, a yanke ta da lauje, a buge, a sheƙe. Da hannu mata ke daka da turara. Da hannu masunci ke tuƙa jirgi ya jefa koma. Ko bikin kamun kifin Argungu, wanda ake yi tun 1934, ai baje kolin ƙarfin damtse ne, inda dubban masunta ke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora.

Shi ya sa a irin wannan wuri, da zarar an ce wane ya rasa hannu, sai mutane su yanke masa hukunci a zuci cewa tasa ta ƙare, abin da ya rage sai zaman gida ko bara. Wannan hukunci yana da gaggawa. Mutane da yawa a nan gida da sauran ƙasashen duniya sun rasa hannu ɗaya ko duka biyu, suka kuma koma suna ci da kansu, suna saka tufafinsu, suna rubutu, suna sana'a. Babu wani sirri a ciki. Hanya ce da ake koyo mataki-mataki, kuma yana da kyau kowane ɗalibi ya san ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 1.3, wato mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya, na rayuwa da wata nakasa. Ke nan da wuya a sami ajin da maganar ba ta shafa ba.

Yadda hannu ke salwanta

Rasa hannu iri biyu ne. Akwai wanda aka yanke masa, akwai kuma wanda hannun yana nan amma ya shanye, ba ya motsi ko ba ya ji.

Cikin dalilan da likitocin ƙashi a Arewacin Najeriya suka daɗe suna kokawa a kansu akwai ɗaurin da ya matse. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko daga kan jaki ya karye, a kai shi wajen mai ɗori, a jera karare a ɗaure tamau. Hannun da ya karye dole ya kumbura. Idan ɗaurin bai bar masa wuri ba, jini ya daina gudana, cikin 'yan sa'o'i nama da jijiyoyi su fara mutuwa. Kafin a kai asibiti hannun ya yi baƙi ya ruɓe, sai a yanke domin a ceci rai. Ku riƙe waɗannan alamomi: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su sauya launi, ko mutum ya daina jin su. Duk lokacin da aka ga haka, a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti a wannan rana, kada a jira wayewar gari.

Na biyu shi ne inji. Injin niƙa, injin markaɗe da injin casar shinkafa sun sauƙaƙa aiki, amma bel ɗinsu ba ya tambaya kafin ya ja hannun riga, ko gyale, ko yatsa. Duk wanda zai cire abin da ya maƙale a inji, ya kashe shi tukuna.

Na uku haɗarin babur. Idan mutum ya faɗi da kafaɗa, jijiyoyin da suka taso daga wuya suka gangaro hannu na iya tsinkewa, sai hannun ya saki yana lilo kamar tsumma. Irin wannan rauni kan sami jariri ma idan haihuwa ta zo da gardama. Sauran dalilan sun haɗa da saran maciji, ƙuna, kamun wutar lantarki, kuturtar da ba a yi maganinta da wuri ba, shanyewar ɓarin jiki, raunin laka da kuma shan inna, wadda aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta a ranar 25 ga Agusta, 2020. Akwai kuma waɗanda a haka aka haife su.

Watannin farko

Waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan majinyata sun san cewa ciwon zuci kan rigayi komai. Mutum ya ƙi fita, ya ƙi cin abinci a gaban jama'a, ya riƙa fushi ba dalili, ko ya yi ta ɓoye dungun a cikin riga. Wannan ba raunin zuciya ba ne, juyayi ne irin na wanda ya yi rashi, kuma yana buƙatar lokaci da abokin hira.

Wani abin da ke firgita mutane shi ne jin kamar hannun da aka yanke yana nan, har yana ƙaiƙayi ko zogi. Ba aljanu ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama sabawa da rashin hannun ba. Yana faruwa ga mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa, kuma likitoci na da dabarun rage shi, ciki har da motsa lafiyayyen hannun a gaban madubi.

A wannan lokaci ne aikin likitocin gashi ke da muhimmanci. Su ke koyar da yadda ake naɗe dungu ya warke da kyau, da motsa kafaɗa da gwiwar hannu don kada su sandare. Idan jijiya ce ta sami rauni, tana iya sake tofowa, amma a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana. Wanda ya bar gaɓoɓinsa suka ƙage kafin jijiyar ta iso, ya yi asara biyu. Idan kuma tiyata ake buƙata, ta fi amfani a cikin watannin farko. Mutanen yankin Argungu na iya farawa daga babban asibitin garin, daga nan a tura su manyan asibitocin Birnin Kebbi irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Aiki ɗaya, hanyoyi da yawa

Babban darasin da ake koya wa wanda ya rasa hannu shi ne ya daina tambayar yadda zai yi aiki kamar dā, ya koma tambayar abin da aikin ke buƙata. Yawancin ayyukan hannu biyu, hannu ɗaya riƙewa kawai yake yi, ɗayan ke aiki. In an sami abin da zai riƙe, an ci rabin matsala.

Mai hannu ɗaya yana danne littafi da dungu ko da dutse ya yi rubutu. Yana matse kwalba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗe murfin. Mai girki tana kafa ƙusa biyu masu tsabta a jikin katako ta soke albasa ko dankali ta yanka. Jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano yana hana shi zamewa. Wajen saka riga, hannun da ya shanye ake fara sakawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Tela na iya sauya zariyar wando da roba, ya cire maɓalli ya sa maɗauri mai mannewa, ya ɗaura zobe a bakin zif yadda za a ja shi da ɗan yatsa ko ƙugiya. Wanda ya rasa dama yana koyon rubutu da hagu. Makonnin farko rubutun kamar tafiyar kaza yake, amma yana daidaita.

Wanda yatsunsa suka daina kamawa, ana ɗinka masa maɗauri na fata ko roba da ke zagaye tafin hannu, mai ɗan aljihu da za a cusa cokali, biro ko buroshin goge baki. Kowane baduku ko mai gyaran takalmi a kasuwar Gulma zai iya ɗinka shi idan an nuna masa.

Wanda ya rasa hannu biyu kuwa, sauran jikinsa ne ke raba aikin. Yatsun ƙafa su riƙe cokali da biro. Haƙora su ja, haɓa da kafaɗa su matse. Ana kafa ƙugiya a bango daidai ƙugu don jan wando sama da ƙasa, a manna soso a bangon banɗaki don cuɗa baya, a rataye buta ko jarka da igiyar da ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo. A nan al'adarmu ta zama a tabarma taimako ce, domin wanda ke ci da ƙafa ya fi sakewa a ƙasa fiye da kan tebur mai tsawo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa a rana ɗaya. Saka riga da kan ɗauki minti ɗaya na iya cin rabin sa'a a farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙwaƙwalwa ma tana koyo

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, wasu masu bincike na Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu masu zane biyu 'yan Ingila da aka haifa ba hannuwa, waɗanda ke zane da ƙafa. Suka tarar kowane ɗan yatsan ƙafarsu yana da nasa gurbi daban a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yatsun hannu ke da shi ga sauran mutane. A ƙwaƙwalwar masu hannuwa ba a ga wannan tsari ga yatsun ƙafa ba. Ma'ana, gaɓar da aka yawaita aiki da ita, ƙwaƙwalwa na ƙara mata kulawa.

Labarin Ibrahim Hamadtou, mutumin yankin Damietta a ƙasar Masar, ya nuna yadda abin ke faruwa ga wanda daga baya ya rasa. An haife shi a 1973, yana ɗan shekara 10 haɗarin jirgin ƙasa ya raba shi da hannuwansa biyu. Da ya so buga ƙwallon tebur, ya fara gwada matse faifan bugun a hammata, abin bai yiwu ba. Sai ya koma riƙe shi da baki, yana cilla ƙwallon sama da yatsun ƙafa. Da haka ya wakilci Masar a gasar nakasassu ta duniya a birnin Riyo na Brazil a 2016, yana da shekara 43, ya sake zuwa ta Tokiyo. Abin lura a labarinsa shi ne dabarar farko ta ƙi, bai tsaya ba ya nemi ta biyu.

Sheetal Devi, 'yar wani ƙauye a yankin Kashmir na Indiya, an haife ta a 2007 ba hannuwa. Da ƙafa take riƙe baka, ta ja tsirkiya da taimakon kafaɗa. Tana da shekara 17, sa'ar 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ta ci lambar tagulla a gasar nakasassu ta Paris a 2024. A wannan gasa kuma Matt Stutzman na Amurka, wanda shi ya fara shahara da wannan salon harbi, ya ci zinare. Ita ma Jessica Cox 'yar Amurka ta sami lasisin tuƙin jirgin sama a 2008, da ƙafafu take tuƙawa.

Ba kowa ne zai zama zakaran duniya ba, kuma ba a buƙatar haka. Duk waɗannan mutane, kafin lambar yabo, sai da suka koyi kai abinci baki da saka tufafi. Nan ne dogaro da kai yake farawa.

Hannun roba da wayar salula

Mutane kan ɗauka da an sami hannun roba an gama. Gaskiyar ita ce yana da iyaka. Akwai na kwalliya, wanda ke cike gurbi ya rage kallon mutane. A Uyo ta Jihar Akwa Ibom, wani mai sassaƙa, John Amanam, ya yi suna wajen ƙera irin wannan da launin fatar baƙar fata, bayan ƙaninsa ya rasa yatsu a haɗari. Akwai kuma na aiki, mai ƙugiya biyu da waya da ke zagayowa ta kafaɗa. In mutum ya motsa kafaɗa sai ƙugiyar ta buɗe. Wani Ba'amurke da injin yankan katako ya cire wa hannu, David Dorrance, shi ya ƙirƙiro ta a 1912, kuma har yau manoma da makanikai na amfani da ita saboda ƙarko. Na uku shi ne mai batir, wanda ke karanta motsin tsokar dungu. Yana da tsada ƙwarai, yana buƙatar caji, kuma ba ya shiri da ruwa da ƙura, abubuwan da manomin fadama ba ya rabuwa da su.

Hannun roba ba ya jin zafi, sanyi ko laushi, shi ya sa wasu ke ajiye shi su ci gaba da amfani da dungunsu. Yaro mai girma kuma dole a riƙa sauya masa. Ana ƙera gaɓoɓin roba a Asibitin Dala, sannan gidauniyar Irede da ke Legas na taimaka wa yara da su.

Wayar salula ta buɗe wata ƙofar. Saƙon murya a WhatsApp ba ya buƙatar rubutu. Wayoyin Android da iPhone na da tsarin da ake ba su umarni da baki. A 2024 kamfanin Google ya sanya Hausa cikin harsunan da mutum zai yi magana waya ta rubuta. Wanda ya fi son dannawa yana iya riƙe siririn sanda a baki, ko ya yi amfani da babban yatsan ƙafa, a waya ko a kwamfuta.

Makaranta, sana'a da doka

Ɗalibin da ya rasa hannu yana gani, yana ji, yana fahimta kamar kowa, saboda haka wurinsa na nan a ajinsa. Abin da yake buƙata kaɗan ne: tebur daidai da yadda yake rubutu, ƙarin lokaci, da malamin da zai yarda da amsar baki kafin rubutunsa ya nuna. Hukumomin jarrabawa irin su WAEC, NECO da JAMB na da tanadi ga masu buƙata ta musamman, amma sai an sanar da su tun lokacin rajista. Iyaye su tuna wa makaranta da wuri.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma tanadi tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna musu wariya. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma wanda ya san haƙƙinsa ya fi wanda bai sani ba ƙarfin nema.

A wajen sana'a, ilimi ne ke rage dogaro da ƙarfin damtse. Harkar shinkafa kanta ba ta tsaya ga lauje ba. Akwai saye da sayarwa, awo, lissafin buhuna, hayar injin ban ruwa, sayar da iri da taki, da kula da leburori. Akwai koyarwa, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie nan a Argungu. Akwai kiwo, tireda, harkar POS da aikin kwamfuta. Yaron da aka cire daga makaranta aka miƙa masa ƙoƙon bara, an rufe masa duk waɗannan ƙofofi tun bai san da su ba.

Naku aikin

Sau da yawa abin da ke hana mutum dogaro da kansa tausayin da ya wuce kima ne. Uwa ta ga ɗanta yana fama da cokali, zuciyarta ta karye, ta karɓa ta ba shi a baki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Bayan shekara biyar yaron bai iya ci da kansa ba, alhali da an bar shi ya zubar da miya na wata ɗaya da ya iya. Taimakon da ya fi amfani shi ne a zauna kusa, a yi haƙuri, a sa hannu kawai inda ya gagara.

Ku kuma 'yan aji, ga abin da ya rataya a wuyanku. Ku kira shi da sunansa, ku bar laƙabin da ke nuni da lalurarsa. Ku tambaya kafin ku taimaka, in ya ce zai iya, ku bar shi. In ya miƙo hagu ko dungu wajen gaisuwa, ku karɓa ba tare da yamutsa fuska ba, domin lalura ce ta sa. In yana ci da ƙafa ko da hagu, ku ci naku abincin ku daina kallo, kada kuma wani ya ɗauke shi a waya. In ya yi kwanaki a asibiti, ku kwafa masa darussan da suka wuce shi. Ku sa shi cikin wasa, domin ƙwallon ƙafa, gudu, muhawara da kacici-kacici duk ba su buƙatar hannu biyu.

Dogaro da kai ba ya nufin mutum ba zai taɓa neman taimako ba. Ko mai hannu biyu lafiyayyu ba ya ɗaukar jinka shi kaɗai. Abin da ake nufi shi ne mutum ya iya kula da jikinsa gwargwadon iko, ya sami abin yi, ya kuma zama shi ke yanke shawara a kan rayuwarsa.

Ga ɗan aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ku duba makarantarku: famfo, ƙofar banɗaki, tebur da allo. Wanne ne zai gagari mai hannu ɗaya, wanne zai gagari marar hannu? Ku rubuta abu uku da kafinta, tela ko baduku na garinku zai iya gyarawa da kuɗi kaɗan, ku kai wa shugaban makaranta.